Ƙwayar da na hana ta sha

Lokacin da maiɗakina take da cikinmu na biyu, ni da bakina na ce ta ajiye 'yan ƙwayoyin nan masu ruwan ɗorawa da aka ba ta a wurin awo. Na ji ana cewa suna sa ɗa ya yi ƙato har haihuwa ta zo da gardama, ban tambayi kowa ba na hau kai na zauna. Ita kuwa ta bi maganata.

Sai kasala ta sa ta a gaba. Da ta taɓa shara sai haki, fatar idonta ta yi fari fat, harshenta ya yi jawur yana raɗaɗi har tuwo ya gagare ta. Na ce laulayi ne. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na ce zazzaɓin cizon sauro ne, na sayo magani a kemis. Sai da jiri ya kayar da ita a tsakar gida muka tafi asibiti. Gwaji ya nuna jininta ya yi ƙasa, jajayen ƙwayoyin jinin sun yi manya amma sun yi kaɗan. Likita ta ce ƙarancin folik asid ne, wato bitamin B9, abin da na hana ta sha.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, bayani ta yi, kuma bayanin ne ya girgiza ni. Abin da jiki ke ajiyewa na sinadarin nan 'yan watanni kaɗan yake kaiwa, ga buƙatar mai ciki ta ƙaru. Akwai shi a alayyahu, zogale, wake, gyaɗa da hanta, amma yadda muke barin miyar ganye ta daɗe tana tafasa, da yawansa lalacewa yake yi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, laka da ƙwaƙwalwar jariri suna haɗuwa ne cikin kwana 28 na farko da shigar ciki, sau da yawa tun mace ba ta san ta ɗauka ba. Idan aka rasa sinadarin a lokacin, ana iya haifar yaro da gadon bayansa a buɗe. 'Yarmu ta zo lafiya, rufin asirin Allah ne kawai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace ta riƙa shan mikirogiram 400 kullum tun tana neman ciki. 'Yan'uwana magidanta, in an ba iyalinku ƙwayar nan a wurin awo, don Allah ku tsaya a kai su sha, kuma in kun ga irin alamomin nan ku kai su a duba jininsu.