Shirin Magana Kafin a Fita Gaban Jama'a

Mu da mu ke koyarwa mun sha ganin yaro mai ƙoƙari a aji, amma in aka ce ya tashi ya yi jawabi sai ya yi ta kame-kame. Ba ƙarancin sani ke kawo haka ba, rashin shiri ne. Ga shi kuwa wata rana za ku koma gida, ko Damri ko Bakura ko Talata Mafara, a tara dattawa a ce ɗan makaranta ya bayyana musu wani al'amari. In ba su gane ba, saƙo ya lalace, sa'an nan uban da ke shakkar sa ɗansa makaranta ya sami hujja.

To, ba sai mun je nesa neman abin koyi ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara, har ya zauna a Faru, kusa da Maradun. Ɗansa Muhammadu Bello ya bayyana yadda ya ke yi cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, na 1812. In zai fita ya kan tsaya kaɗan a cikin gida ya sabunta niyya, ya roƙi Allah ya fahimtar da masu sauraro. In ya iso sai ya yi sallama da muryar da kowa zai ji, fuska a sake, ya nemi a yi shiru, kana ya soma. Littattafansa da Larabci su ke, amma jama'a da harshensu ya ke yi musu magana. In an katse shi da tambaya ya kan dakata ya amsa, ba ya ƙosawa.

Ku lura, duk shirin nan don mai ji aka yi shi. Saboda haka kafin ku tashi ku san abu ɗaya da ku ke so kowa ya koma gida da shi. Ku jera hujjojinku biyu ko uku, kowace da misali daga gona ko kasuwa. Ku ɗaga murya don na bayan taro, kada ku cusa Turanci inda Hausa ta isa. In kun ƙare ku maimaita kan maganar a taƙaice, ku zauna. Magana zarar bunu ce, gara a auna ta tun a ɗaki.

Allah ya sa mu dace, amin.