Shuɗi Tara

A gidanmu duk jaririn da za a haifa, bargon Umma na riga shi zuwa duniya. Ciki na kai wata biyar za ta aika a sayo mata ulu, ta ciro kwarashinta daga tsohon gwangwanin alewa, ta zauna bakin ƙofar ɗaki bayan la'asar. Jikoki bakwai, barguna bakwai, ban da na maƙwabta. Da autarmu ta samu cikin fari, sai na ce wannan karon da ni za a yi. Umma ta dube ni ta ce, "Ke da ko maɓalli ba kya iya sawa?" Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana, wannan "ke" ɗin shi ne sunana a bakinta tun ina yarinya.

Aikina rubuta manhaja ne, daga gida nake yi, kuma da tunanin aikin na shigo mata. Na ce ina son bargon ya tashi daga shuɗi mai haske kamar sararin safiya, ya yi ta gangarawa har ya kai duhun shuni, ba tare da ido ya kama inda wannan ya ƙare wancan ya fara ba. A kwamfuta layi ɗaya ne. Allo na haɗa kowane launi daga ja da kore da shuɗi, kowanne yana da mataki 256, jimla launi sama da miliyan 16. Ka faɗa mata farko da ƙarshe, ita ta cike tsakiya. Na zana bargon na kawo mata a waya. Ta karɓa, ta nisanta wayar, ta matso da ita, ta ce, "Ya yi kyau." Daga baya na gane ba ta ga komai ba.

Saƙar da muka zaɓa ita ce ta ƙananan fallaye masu kusurwa huɗu da ake haɗawa daga baya. Turawa na kiranta fallen kaka, don tsofaffi ke yin ta da ragowar zare, kuma ta yi tashe sosai a Amurka da Ingila a shekarun 1970. Umma a makarantar 'yan mata ta koya, a darasin kula da gida. Ana farawa da sarƙa huɗu a ƙulle ta zama zobe. A cikin zoben a kafa dogayen ɗinki, ita sanda take ce musu, uku-uku sau huɗu, da sarƙa biyu a kowace kusurwa. Zagayen farko sanda 12, na biyu 24, na uku 36, haka yake ƙaruwa. Ranar da na fahimci wannan na ji kamar na gamu da ɗan garinmu a ƙasar waje, domin umarni ɗaya ne ake maimaitawa ana ƙara masa lamba, abin da nake yi kullum. Kai ya gane a minti biyar. Yatsu kuwa sai da suka yi mako biyu, fallayena na farko duk sun karkace kamar gurasar da ta kwana.

Na yi lissafi: falle bakwai a kwance, tara a tsaye, 63 ke nan. Kowanne zagaye biyar, sanda 180. Bargon gaba ɗaya sanda 11,340, kowacce da hannu. Umma ta ce ita ba ta taɓa ƙirgawa ba, kuma ba ta gode da na faɗa mata ba.

Kasuwa ce ta fara karya min lissafi. Na zaga Sabon Gari rumfa-rumfa, shuɗi biyar kawai na samu masu bin juna, ni kuwa layi tara nake da shi. Na yi tunanin kai farin zare marinar Ƙofar Mata, tunda can sun daɗe da sanin wannan sirri: a tsoma a baba a ɗaga, ya fito kore-kore, iska ta mai da shi shuɗi, a sake tsomawa ya ƙara duhu. Sai dai abin da muke kira ulu a kasuwa yawanci zaren roba ne, ba ya shan baba kamar auduga. Na dawo gida ina mita. Umma ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Siriri kika sayo ko? To a haɗa biyu-biyu." Layin farko zare biyu na launi na ɗaya. Layi na biyu a cire guda, a sa na launi na biyu a madadinsa. Layi na uku duka na biyu. Haka har ƙasa. Launi biyar ya ba da mataki tara cif. Tsofaffin kwamfutoci masu ƙarancin launi ma haka suke yaudarar ido, su cakuɗa ɗige-ɗigen launi biyu har a ga na uku. Ni sai da na yi digiri na san haka.

Layuka biyar na sama sun tafi lafiya. Tana yin falle uku kafin in gama ɗaya, kuma ba ta ko kallon hannunta, tana saƙa tana sauraron rediyo tana ba yara amsa. Da muka shiga masu duhu ne abin ya fara. Wata rana da dare ina jera fallaye a kan gado, sai na ga guda a layi na shida ya fi 'yan'uwansa duhu. Ta ɗauki zare na biyar a maimakon na huɗu. Na ce kuskure ne, kowa na yi. Na warware shi na sake saƙawa, ban ce mata komai ba. Bayan kwana biyu na ga wani. Shi ma na gyara. Na manna wa kowane ƙullin zare takarda da lamba, ta ɓanɓare ta ce ita ba 'yar koyo ba ce.

Na ukun ne ya tona ni. Da safe tana shafa fallayen ɗaya bayan ɗaya, sai ta tsaya a kan wani, ta murza shi tsakanin yatsu, ta ce, "Wannan ba hannuna ba ne." Saƙata a matse take, tata kuwa sakwa-sakwa. Na fara kame-kame. Ta ce, "Nawa kika warware min?" Na ce uku. Ta yi shiru. Na ɗauko ƙulli na huɗu da na biyar na ajiye a cinyarta, na ce, "Umma, wanne ya fi duhu?" Ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Ai duk baƙi ne."

A daren ban yi barci ba, ina ta tattaro abubuwan da na gani na wuce. Ta sa an sayo mata Alƙur'ani mai manyan baƙi, na ce tsufa. Ta riƙa miƙa wa jikoki allura su zura mata zare, na ce tana koya musu ne. Tabarmarta ta bar bakin ƙofa ta koma tsakiyar tsakar gida. Ta daina fita unguwa bayan magariba, wai fitilun motoci na kashe mata ido. Babu ranar da zan nuna in ce yau abin ya canja. Kowace rana ta yi kama da jiyanta, daidai yadda na so bargon ya kasance. Abin da ya fi ci min rai, a wurin aiki ni ce mai hana a fitar da shafi in bambancin rubutu da bangonsa bai kai 4.5 bisa 1 ba, saboda masu raunin gani da ban taɓa haɗuwa da su ba. A gida kuwa ina bin uwata a baya ina goge shaida.

Likita ya ce yanar ido ce, duka biyun, na dama ya fi nisa. Ya yi mana bayani cewa madubin da ke cikin ido ne ke dushewa yana yin ruwan ɗorawa a hankali, shi ya sa shuɗi mai duhu ke fara ɓacewa. Ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a duniya, alhali tana da magani: a cire madubin da ya dushe a sa na roba, ido ɗaya a lokaci guda, ba a ma sa mutum barci. Umma ta ce sam. Tana da dalili. Yayarta wani mai maganin gargajiya ne ya soka mata abu a ido ya ture yanar ciki, ta ga haske na 'yan kwanaki, daga nan ido ya kumbura ya tafi. Na yi ta bayani cewa ba ɗaya ba ne. Har bidiyon aikin na nuna mata, wanda shi ne wauta mafi girma da na yi a shekarar, don ba ta gani ba sai ni da ke kwatanta mata wuƙa.

Muka ƙarasa bargon a haka. Ni ke miƙa mata zare, ita ke saƙa, tana lalubo ramuka da ɗan yatsa. Ba mu cika magana ba. Wata rana da na je wani taro ta ɗauka da kanta, ta yi falle guda a layi na bakwai da zare mafi duhu. Na gan shi. Na haɗa shi a inda ta nufa.

Aka haifi yaron, namiji. Duk wanda ya shigo barka sai ya ce, "Kai, Malam ne ya dawo!" suna nufin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Na ga Umma ta ɗauki jaririn ta fita da shi tsakar gida, ta juya shi wajen haske, ta kai fuskarta dab da tasa. Ta daɗe a haka. Ba ta ce ya yi kama ba, ba ta ce bai yi ba. Washegarin suna ina wanke-wanke ta tsaya a kaina ta ce, "Ke, ki kira likitan nan naki."

An yi na dama. Da aka cire bandeji ta yi ta ƙifta ido tana kallon mayafina, ta ce ita duk a zatonta ruwan toka ne. Bayan kwana uku auta ta zo duba ta da yaron a naɗe cikin bargon. Ta fara duban yaron tukuna, ta ce hancin ne kawai, mutane sun cika zuzutawa. Sannan ta sa aka shimfiɗa bargon a kan gado, ta rufe idon hagu da tafin hannu, ta bi shi daga sama har ƙasa. A layi na bakwai ta tsaya.

"Wa ya sa wannan a nan?"

Na ce, "Ke ce, Umma."

Ta ce a ba ta almakashi. Auta ta fizge bargon ta ce wallahi ba mai taɓa mata shi. Suka yi ta ja, ni ina tuna mata likita ya hana ta sunkuyawa. Da ta ga ba za ta ci nasara ba sai ta juyo kaina, ta nuna fallaye biyu a layi na shida, waɗanda na sake saƙawa a ɓoye, ta ce yanzu ga su nan tana gani ƙuru-ƙuru, sun tsuke kamar bakin jaka, kuma in na sake riƙe zare haka ba za ta ƙara ara min kwarashinta ba. Idon hagu sai bayan Sallah.