Tarwadar Da Ba A Ci

Maƙwabcina a Manchester dattijon Bature ne, tsohon direban bas da ya yi ritaya. Ranar da ya kira ni in kama masa ɗaukar wata durom zuwa garejinsa, ban tarar da mota a ciki ba. Wani tankin gilashi ne ya cinye wurin, tsawonsa ya kai mita uku, a ciki kuma tarwada ce guda ɗaya tal, bayanta baƙi, gefenta fari, jelarta ja wur, gashin bakinta ya fi kamu guda.

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Baba, ai wannan sai taron suna." Da na fassara masa nufina, ya dube ni kamar na ce a yanka jikarsa.

Ba shi ya saye ta ba, ceto ta ya yi. Asalin irin wannan kifi kogunan Amazon da Orinoco ne a Kudancin Amurka, inda yakan haura mita ɗaya da rabi. A shagunan kifin ado kuwa ana sayar da shi tun yana kamar ɗan yatsa. Mutum ya saya wa yaransa, kafin shekara ta zagayo kifin ya cinye abokan zamansa, ya cika tankin har juyawa ta gagare shi. Daga nan sai neman kai. Gidajen kallon kifi na gwamnati da na 'yan kasuwa sun gaji da karɓa. Sakin baƙuwar halitta a kogi laifi ne a dokar ƙasar nan ta 1981, dokar kula da dabbobi ta 2006 kuma ta ɗora wa mai kifi nauyin lafiyarsa kamar mai kare ko kyanwa. Tukunya kuwa ba ta ma faɗo wa masu kifin a rai. Haka wannan ta zo hannun dattijon, a cikin bahon wanka.

Hidimarta ta fi ta wani baƙon. Kifin ƙasar zafi ne, dole hita ta riƙe ruwan a wajen digiri 25 dare da rana, a ƙasar da kuɗin wuta ke sa magidanci kwana da rigar sanyi. Kashinta yana sakin gubar amoniya, don haka injin tace ruwa ba ya hutawa, kuma duk mako sai an zubar da wani kaso na ruwan an zuba sabo. Abinci sau ɗaya ko biyu a mako, don in ta ƙoshi da yawa amayarwa take yi ta ɓata ruwan. Ba a barin ƙaramin dutse a ciki, haɗiyewa za ta yi. Hitar ma sai da ya yi mata keji.

A gida girman kifi bai taɓa zama matsala ba. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, dubban masunta ke faɗawa kogin Matan Fada da homa da gora, kuma wanda ya fito da giwan ruwa mafi nauyi shi ke tafiya da kyauta. Masu kiwon tarwada a tankin siminti ko na roba suna lissafin wata huɗu zuwa shida ne, ta kai kilo guda, a sayar wa masu farfesu ko masu banda. Da na nuna wa Hajiyarmu hoton a waya, tambayarta ɗaya ce: "To, yaushe za a ci?" Na ce ai ba a ci. Ta ce, "Allah ya kyauta."

Na daɗe ina yi wa dattijon dariya, amma yanzu na rage. Tarwadarmu tana da wata gaɓa kusa da makwallatonta da take shaƙar iska da ita, shi ya sa ba ta saurin mutuwa. Wannan juriyar muka mayar hujja: a jibge su hamsin a baho ɗaya a bakin kasuwa, cikin rana, ruwan bai rufe bayansu ba, su wuni suna hawan juna. Mu ne kuma tun muna makarantar allo muka san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Yanka halal ne, amma wunin da ya gabaci yankan fa?

Turawan ma ban wanke su ba. Tausayin dattijon gaskiya ne, sai dai gyaran ɓarnar mai shago yake yi da fanshonsa. Da an faɗa wa mai saye iya girman da kifin zai kai, da ba a buƙaci ceto ba. Ga shi ya haura saba'in, kifin kuma yana iya wuce shekara goma sha biyar a raye. Ya riga ya tambaye ni ko zan karɓe ta in ta Allah ta kasance. Na ce masa, "Baba, ka nemi wani. Ni na san kaina."