Lefen Ƙanena: Daga Zariya Zuwa Kantin Kwari

Ƙanena malamin firamare ne a Zariya, kuma albashinsa ba ɓoyayyen abu ba ne a gidanmu. Da aka sa ranar aurensa, sai nauyin haɗa lefe ya faɗo a kaina ni da Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ita ta haɗa na duk yayyenmu maza. Abin da ke hannunmu kwasar adashi ne da ya daɗe yana zubi, sai ɗan gudummawar da 'yan uwa suka tara. Muka yanke shawarar mu je Kano da ƙafarmu, mu saya a inda masu shagunan Tudun Wada da Sabon Gari suke saro nasu.

Kafin mu shiga mota, Gwaggo ta yi wani abu da ban taɓa ganin an yi a danginmu ba. Ta yafa mayafi ta tafi gidan su amarya, ta zauna da mahaifiyarta, ta faɗa mata ƙarfin yaron ba tare da kwana-kwana ba. Ina gefe ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage. Matar ta yi shiru, sannan ta ce, "Hajiya, ai yaron nan namu ne. Abin da ya sawwaƙa shi za mu karɓa. Ni dai kada 'yata ta tare a gidan da ake bin mijinta bashi." A zaman nan aka tsayar da akwati uku, aka soke dina, aka soke anko, aka bar kamu da walima da yinin biki. Aka kira amarya ta faɗi lambar takalminta da kalolin da take so, na rubuta komai a takarda. Wannan takardar ita ce ta riƙe mu a kasuwa, domin duk ragin da muka samu wajen ciniki bai kai rabin abin da aka rage a ɗakin nan ba.

Mun zaɓi lokacin da kasuwa ta lafa, bayan Babbar Sallah da 'yan makonni. Wanda ya je Kwari gab da azumi ko gab da Sallah ya san yadda kaya ke tashi, ga bukukuwan da ake cunkusawa a watan Sha'aban, ga teloli ba sa ɗaga kai. Bayan asuba muka hau mota a Kwangila. Damina ta kankama, hanya ta yi kore shar daga Tashar Yari har Kwanar Dangora, gonakin shinkafa na Kadawa da Kura sun cika da ruwa. Gwaggo ba ta kalli komai ba. Rabin kuɗin na cikin lalita a ɗaure a ƙugunta, rabi kuma a asusun banki, saboda ta ce ba ta yarda a dogara da na'urar cirar kuɗi kaɗai ba, ranar da sabis ya ɗauke sai mutum ya yini a tsaye. Muka sauka a Unguwa Uku, adaidaita sahu ta kai mu Fagge.

Kantin Kwari ba kasuwa ce da baƙo zai shiga kai tsaye ba. Benaye ne a jere, kowane gida da shaguna sama da ƙasa, lunguna sun cushe da 'yan dako ɗauke da diloli a ka suna "hanya, hanya". Za ka ji Hausar Maraɗi da Damagaram, ka ji Larabcin Chadi, ka ga fatake daga Kamaru suna ɗaure kaya. Tun daga bakin titi samari suka yo mana caa: "Hajiya, lefe ne? Ku zo in kai ku inda ake sari." 'Yan kamasho ke nan. Neman halal ɗinsu suke yi, amma ladansu a kan kuɗin kayanka ake ɗora shi. Gwaggo ta yi musu godiya ta wuce. Ta ce mu zaga tukuna, kada mu ciro ko sisi. Muka shiga shago bayan shago muna tambayar farashin atamfa iri ɗaya, ina rubutawa a bayan takarda. Shagunan bakin hanya sun fi tsada, na can ciki da na saman bene sun fi sauƙi, kuma bambancin ba ƙarami ba ne idan aka tara shi a kan turame da yawa.

A wani shago na saman bene muka yada zango. Mai shagon dattijo ne, ya sa aka ba mu benci da ruwan sanyi, yaransa suka fara sauke kaya. Nan na ga aikin Gwaggo. Sai ta warware turmi, ta duba fuska ta duba baya, domin atamfar kirki zanenta yana fitowa ɗaya a ɓangarorin biyu, ta banza kuwa bayanta fari-fari ne. Ta karanta rubutun da ke gefen zanen, ta ƙi kula takardar da aka manna a sama, wai ita takarda kowa na iya bugawa. Ta dangwali ruwa ta murza bakin zanen tsakanin yatsunta, ta duba ko ya zuba. Ta dunƙule shi a tafin hannu ta saki, don ta ji ko auduga ce ko sitati ne aka cika. Dattijon ya yi murmushi ya ce wa yaronsa, "Mayar da waɗannan, ɗauko wa Hajiya na ciki."

Ni idona ya tafi kan manyan kaya, Super da Holan na kamfanin Vlisco da ake bugawa a garin Helmond na ƙasar Holan, da shadda Getzner 'yar Ostiriya mai ƙyalli. Na ce, "Gwaggo, ko guda biyu ne a saka a saman akwati, saboda masu gani." Ta ce, "Masu gani za su zo su biya masa kuɗin haya?" Kuɗin turmi ɗaya na irin waɗannan zai sayi masu matsakaicin daraja da dama, waɗanda amarya za ta ɗinka ta sa yau da gobe. Duk da haka Gwaggo ba ta yarda da tarkace ba. Ta ce gara goma masu kyau da talatin da za su koɗe a wanki biyu. Ta ɗauki Super guda ɗaya tak, don fitar amarya, da leshi biyu, da shadda mai sauƙi, sauran duk atamfofin zaman gida da na unguwa. A ganina ta yi daidai. Lefe da yawa ana haɗa shi ne don ranar da za a baje shi a tsakar gida mata su ƙirga, bayan nan sai ya shekara a akwati ba a ɗinka ba, domin kuɗin ɗinkin ma wani nauyi ne da ba a lissafawa.

Ciniki ya ɗauki lokaci. Gwaggo ta taya, dattijo ya ce albarka. Ta ƙara kaɗan, ya ce ba haka ya saro ba. Ya yi mana bayanin abin da muka riga muka sani a jikinmu: tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi farashinta, kayan da ake shigowa da su suka yi tashin gwauron zabo, kuma kusan duk abin da ke shagon daga waje yake zuwa, galibi daga Sin. Ya tuna lokacin da masaƙun Kano da Kaduna ke aiki, kafin babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007. A ƙarshe, da yake a wurinsa muka haɗa kusan komai, ya sallama a farashin sari, ya ƙara mana da ɗankwali biyu gyara.

Mun kwana a Fagge wurin 'yar Gwaggo. Hirar daren duk ta aure ce. Maƙwabciyarta ta shigo, mace mai 'ya'ya mata huɗu, ta ce mu masu lefe namu mai sauƙi ne, a tambayi iyayen amarya. Gado da katifa da kujeru, kayan kicin, labule, sannan gara: buhun shinkafa, taliya, mai, alkaki, nakiya, dubulan. Ta ce ita tun 'yarta na aji ɗaya a sakandare take sayen kwano ɗaya, kula ɗaya, tana turawa ƙarƙashin gado, kuma kafinta za ta ba aikin gado a unguwa maimakon ta shiga shagon kayan Turkiyya. Aka yi zancen auren gata da gwamnatin Kano ke yi ta hannun Hisbah tun 2012, wanda a watan Oktoban 2023 aka ɗaura wa ma'aurata 1,800, gwamnati ta biya sadakin naira dubu hamsin-hamsin ta ba da kayan ɗaki. Abin ya tsaya mini a rai. Mutanen nan ba masoya suka rasa ba, kayan da al'ada ta ɗora ne suka gagare su, alhali abin da addini ya wajabta sadaki ne, mafi ƙarancinsa a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari.

Washegari muka shiga kasuwar Sabon Gari ta Kano don akwatuna, takalma, jakunkuna, mayafai da kayan shafa. Nan ba mu daɗe ba. Gwaggo ta ja zif ɗin kowane akwati sau da yawa, ta gwada tayoyin a ƙasa, ta ƙi masu ado ta ɗauki masu ƙwari. Man shafawa da sabulu muka sayi irin wanda amarya ta ce tana amfani da shi, ba dozin-dozin ba, tun da suna lalacewa idan sun daɗe. Turaren wuta kuwa Gwaggo ta ce ita za ta haɗa a gida.

A mota na zauna na yi lissafi, har da kuɗin motarmu zuwa da dawowa, da na dako, da kujerar da muka biya wa akwatuna. Wanda zai sayi turmi uku ko huɗu, zuwa Kano ba zai fisshe shi ba, gara ya saya a garinsu. Mu da muka haɗa lefe sukutum, tafiyar ta biya kanta har da saura mai kauri. Da muka isa gida bayan la'asar, Gwaggo ta kira ƙanena ta damƙa masa ragowar, ta ce gobe ya kai wa mai gidan da zai kama, ya cika kuɗin hayar shekara, ya karɓo rasit. Ta kuma ce ranar kai lefe mata shida sun isa, mota ɗaya, don kada a ɗora wa gidan amarya nauyin girki da tukuici mai yawa.