Kowane Aiki da Rumbunsa

Shekara biyu na yi ina tattara karin magana daga bakin dattawa, ina ƙidaya kalmominsu da wani ɗan shiri da na rubuta da harshen Python. Da na aika maƙala ga mujalla, sai mai tantancewa ya nemi in maimaita lissafin. Na maimaita, alƙaluman suka saɓa wa na farko, alhali ko wasali ɗaya ban taɓa ba a cikin matanin.

Kwana uku na yi ina bin diddigi kafin in gano sanadin. Ashe a tsakani na fara wani nazari a kan waƙoƙin baka, wanda ya buƙaci sabon zubin manhajar da ke yanka jimla zuwa kalmomi. Da na saka sabon, sai ya maye gurbin tsohon, domin duk ayyukana a tukunya ɗaya suke ci. Tsohon zubin yana ɗaukar "ma'ana" da "sa'a" da "jami'a" kowace a matsayin kalma guda, sabon kuwa yana tsinka su gida biyu a wajen hamza. Da ban gano ba, da na tsaya a gaban malamaina ina kare adadin da ba zan iya sake samarwa ba.

Wata ɗalibata ce ta nuna mini Conda, manhajar da ke ware wa kowane aiki muhallinsa, da zubin Python da sauran kayan da yake buƙata. Manomi ba ya zuba gero da dawa a rumbu ɗaya. Yanzu karin magana na da nasu rumbun, waƙoƙi na da nasu, sabunta wannan ba ya shafar wancan. Kowane muhalli kuma ina fitar da jerin kayansa da lambobinsu a fayil ɗin environment.yml, in adana shi tare da matanin, domin wani manazarci ya iya gina irinsa a kwamfutarsa.

Mu manazarta Hausa ba baƙin wannan tarbiyya ba ne. Idan muka kafa hujja da ƙamus, mukan fayyace ko na Bargery ne na 1934, ko na Abraham, bugun 1949 ko na 1962, saboda mun san bugu yakan bambanta da bugu. Manhajar da ta ƙidaya mana kalmomi ita ma madogara ce. Tun daga wannan maƙala ban sake ba da adadi ba sai na faɗi zubin da ya samar da shi.