Abin Da Na Gano A Kwatano

Wata ƙawarmu ta rubuto mini wasiƙa daga Funtuwa, wai don Allah me ya sa a littattafaina kullum a bakin ruwa masoya ke rabuwa? Na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. To yau ga amsarki.

Ni 'yar Jibiya ce, ruwan da na sani bai wuce na dam ɗinmu ba. Amma tun ina ƙarama nake jin sunan Kwatano, domin atamfa da shinkafa da motocin Baljiyam da ke shigowa ta Magama, a wancan lokacin yawanci daga tashar jiragen ruwan can ake sauke su, su biyo ta Nijar. A 2018 na gama sakandare, aka sa mini rana da wani mai fataucin motoci a wannan hanya. Ya rantse wa Babanmu ko auren fari bai taɓa yi ba. Gwaggona mai sarin atamfa ta ce in raka ta in zaɓi kayana da idona. Da na gaya masa sai ya ce kash, shi kuma satin nan yana Lome.

Muka tsallaka Ɗan Isa muka shiga Maraɗi, aka canza mana naira zuwa sefa, nan na koyi cewa dubu ɗaya ita ce jaka. Daga nan Birnin Ƙonni, Doso, Gaya, muka haye gadar kogin Kwara zuwa Malanbil, sai Faraku. Kwana biyu muna abu ɗaya, ƙafafuna duk sun kumbura.

A unguwar Zango muka sauka, Hausa ake yi kamar kana Katsina. Gwaggo ba ta yarda da 'yan acaɓarsu masu rawayar riga ba, don haka kasuwar Dantokpa a ƙafa muka zaga ta, daga rumfunan 'yar Holan har bakin ruwa inda ake sauke kifi. Kai, mata ne ke riƙe da kasuwar nan! Wata ta zauna a kan tulin atamfa tana ƙirga kuɗi, maza na yi mata dako.

Rana ta uku uwar masaukinmu ta ce ba za a ce amarya ta zo ba ta ga Ganbiye ba. Wata maƙwabciyarta mai goyo ta ce ita ma za ta. Muka je Kalabi muka shiga kwale-kwale mai inji a tafkin Nokuwe. Wallahi da ya tashi salati na kama yi, na ƙanƙame gyalen Gwaggo. Can sai ga gari sukutum a kan ruwa, gidaje bisa turaku, yarinyar da ba ta kai ƙanwata ba tana tuƙa jirginta ita kaɗai, mata na cinikin tumatir daga jirgi zuwa jirgi. Mai tuƙinmu ya ce kakanninsu 'yan ƙabilar Tofinu ne, masu kamun bayi na Dahome suka guda suka fake a ruwa.

Ina cikin kallo mai goyon nan ta ce, "Ashe ku 'yan Jibiya ne? Ai maigidana can yake kai motoci." Ta ciro waya ta miƙo mini hoto.

Gabana ya ce ras. Shi ne. Har shaddar da ya zo gaishe da Babanmu da ita. Na dubi yaron da ke bayanta, kunnuwan nan nasa ne sak. Na buɗe baki, Gwaggo ta mintsine ni a cinya, ta ce da matar, "Allah Sarki, Allah Ya raya." Baiwar Allah ba ta san komai ba, har gyaɗa ta ɓare mini a hanyar dawowa, na kuwa ci.

Kada ku ce kishi ne. A gidanmu mata uku ne, na san zaman. Rantsuwar ce ta tsaya mini a wuya.

Da la'asar Gwaggo ta ja ni muka taka har bakin teku. Ga manyan jirage can nesa sun yi layi suna jiran shiga tasha, ga igiyar ruwa na ruri kamar hadarin Agusta. Abin da na yi shekaru ina mafarkin gani, amma hawaye ya hana ni ganinsa sosai.

"Ɗiyata, mi kika yanke?" in ji Gwaggo.

"Gwaggo, na fasa."

"To ki share ido. Ni za ni gaya ma ubanki."

Sati biyu da komawarmu aka mayar musu da kayansu. Surutu kam na sha shi, har da masu cewa boko ne ya lalata ni.

Ban sake komawa ba. A Agustan 2019 aka rufe iyaka, ta Jibiya ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022, aka kuma rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris na 2024. Jarin Gwaggo ya karye a tsakanin nan, yanzu ƙuli-ƙuli take yi. Turmi uku na 'yar Holan da na zaɓo, biyu na ba ta ta sayar, ɗayan yana ƙasan akwatina ban ɗinka ba.