Ƙamshin tsiro

Shekarar da na je karatun noma a Gembloux, can ƙasar Beljik, gida ɗaya muka zauna da wani ɗan ƙasar mai dafa giyarshi da hannunshi. Wata Asabar na tarar ya cika madafa da tukwane. Ya ce in riƙe mishi muciya. Ni ko, don kunya, na riƙe.

Tsiron sha'ir ne aka ɓarza, ya jiƙa shi cikin ruwa mai zafin digiri 65, awa guda. Ya tace, ya tafasa ruwan da wani fure mai ɗaci da suke kira hublon. Da ya huce zai zuba yis, bayan sati biyu ya ƙara ƴaƴan seris masu tsami, irin na giyar nan tasu kriek. Kafin yis, in ji shi, babu maye ko kaɗan. Na kurɓa. Zaƙi ne kamar kunun zaƙi, sai ɗaci can ƙarshen harshe.

Amma ƙamshin ne ya tsayar da ni. Na san shi. Bayan ɗakin kakata ne, a ƙauyenmu na jihar Maradi, inda ake shanya jar dawa mai tsiro a kan tabarma, ana korar mu yara in mun matso. Ba wanda ya taɓa gaya mini ko ta mece ce.

Wata biyu bayan haka ya buɗe kwalba. Ja kamar zoɓo, kumfa ruwan hoda a sama. Ya miƙo mini kofi, ya ce ai da hannuna a ciki. Maganar nan ta soke ni, don gaskiya ce. Na shinshina, tsami da ƙamshin ƴaƴan itace, na mayar mishi. Bai ji daɗi ba. Kwana uku gaisuwa kawai muke yi.

Daren nan na kira inna. Na tambaye ta dawar da kaka ke shanyawa. Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke.

"Wa ya gaya maka?"

Na ce ba kowa.

Ta ce burkutu ce, gidansu Arna ne kafin su musulunta, kuma da kuɗinta aka saya wa babana kayan lakwal. Sannan ta ce kar in kuskura in tada maganar gabanshi, ta tambaye ni ko sanyi ya ragu.